Masu Ciro Dutse Kamar Ƙwai

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban 'yan koli a kasuwar Talata Mafara ya san dutsen tozali. Baƙi-baƙi ne mai sheƙi, nauyinsa ya fi girmansa, in kuma ya fashe ba ya tarwatsewa barkatai irin na kwalba. Gutsattsarinsa kan fito da kusurwa huɗu-huɗu, hawa-hawa kamar matakalar bene, kowane ɗan guntu ya ɗauko kamannin uwarsa. Iyayenmu mata sun daɗe suna ganin haka a kan dutsen niƙa, ba wanda ya ce musu ilimi ne. To ilimi ne, kuma ta nan ake shiga sana'ar da ta daɗe tana burge ni: ta mutanen da ke gane dutse da ido, su ciro shi daga cikin ƙasa lafiya lau ko ƙwarzane babu, su wanke shi, su ajiye shi yadda Allah Ya ƙera shi.

Tozali yana da abokin zama a ƙarƙashin ƙasa. A wurare da yawa na duniya, jijiyar da ke ɗauke da shi takan ɗauko wani dutse da masana ke kira fulorait. Shi ma da kusurwa huɗu yake tsirowa, kamar sukari mai ƙwaya ko dunƙulen magi, sai dai shi haske na ratsa shi. Akwai kore shar, akwai shunayya, akwai shuɗi, da ruwan zuma, da ruwan hoda, da wanda ba shi da launi ko kaɗan sai ka ce ruwan randa ne ya daskare. Wani lokaci ƙwaya ɗaya ce za ta haɗa launi biyu ko uku, ka hango ƙaramin ɗaki na shunayya zaune a tsakiyar babban ɗaki kore, domin ruwan zafin da ya haife shi a cikin tsagar dutse ya sauya abin da yake ɗauke da shi tun ƙwayar ba ta gama girma ba. Sinadarai biyu ne suka haɗu suka yi shi, kalsiyam da fulorin. A Najeriya an san shi a Arufu da Akwana, can kwarin Binuwai, inda yake tare da dalma, ana kuma samun sa jefi-jefi a duwatsun kuza na Filato da na Riruwai a kudancin Kano.

Na farko da na taɓa riƙewa a Jos na saye shi, wajen wani mai sayar da duwatsu. Kore ne, bai kai ƙwan zabuwa ba. Na kawo shi gida lokacin hunturu, ya kwana a kan taga ya sha ƙura da sanyi, da safe na tsiyayo ruwan zafi na zuba masa don in wanke. Sai na ji wata 'yar ƙara, ƙas. Tsaga ce ta ratsa shi daga kusurwa, miƙaƙƙiya kamar an ja ta da reza. Abin ya dame ni ƙwarai. Daga baya na nuna wa wani dattijo mutumin Maradun da ya yi shekaru a ramukan Filato da Nasarawa. Baba ya juya shi sau ɗaya a hasken rana, ya tambaye ni ko ruwan zafi na sa masa. Ban faɗa masa komai ba tukuna. Ranar na gane cewa abin da ke hannun irin waɗannan mutane karatu ne cikakke, ko da ba a allo aka rubuta shi ba.

Darasin farko a karatun shi ne ganewa, kuma a nan ake yawan tafka asara. Fulorait mai shunayya yana kama da ametis, wato ƙanƙara mai shunayya, dangin farin dutsen nan da ake ƙyasta wuta da shi. Baƙo zai rantse abu ɗaya ne. Gwani kuwa siffa yake fara dubawa: ƙanƙara tsayi take yi da gefe shida, ta ƙare da tsini kamar fensir da aka feƙe, fulorait kuma ɗaki ne mai kusurwa huɗu, ko kuma ya fito da fuska takwas, kamar dalar gyaɗa biyu da aka haɗa gindinsu. Sai ya auna a tafin hannu. Fulorait ya fi ruwa nauyi ninki uku da ɗan ɗori, ƙanƙara ba ta kai ninki uku ba, kuma hannun da ya saba yana jin wannan ɗan bambanci. Sannan ya zaro wuƙa. A shekarar 1812 wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya jera duwatsu goma bisa taurinsu, daga 1 zuwa 10, kowane na sama yana iya ƙwarzar na ƙasa da shi. Jifsam, irin wanda ake tonowa a ƙasar Sakkwato don yin siminti, shi ne na 2, farce ma yana kama shi. Fulorait na 4 ne, ƙanƙara ta 7, daimon na 10. Wuƙa tana tsakanin 5 da 6. Saboda haka wuƙa za ta ci fulorait, amma a kan ƙanƙara zamewa kawai za ta yi. Ƙanƙara za ta zana kwalba, fulorait ba zai iya ba. Abin da ya fi burge ni shi ne inda gwani ke sa bakin wuƙar. Ba ya taɓa fuskar dutsen. Gindi yake nema, ko wani ɓallin da ya riga ya faɗo, domin zane ɗaya a fuska ya isa ya kashe ciniki.

Akwai kuma yadda yake tsagewa, wanda shi ne sirrinsa, shi ne kuma rauninsa. Tozali yana tsagewa ne daidai da bangon ɗakinsa. Fulorait kuwa kusurwa yake zubarwa: yana da hanyoyin tsaga huɗu da suka gitta shi a karkace, kowace a miƙe, sumul. In mai hannu ya bi su da ɗan cizal, yana cire kusurwa ɗaya bayan ɗaya, sai dala biyun nan masu fuska takwas su fito daga cikin ɗakin. Ana sayar da irin waɗannan a kasuwannin duniya da araha, kuma mai gaskiya yakan faɗa cewa hannu ne ya fere su. Amma wannan hali na nufin bugu kaɗan, ko faɗuwa daga kan tebur, ko zafi ya biyo sanyi kwatsam, ya isa ya ɓalle kusurwar da ta yi miliyoyin shekaru a zaune lafiya. Shi ya sa ba a cika sa shi a zobe ba. Dutsen kallo ne.

Yanzu mu sauka rami, inda ainihin gwanintar take.

Dutse ba ya samun sararin yin wannan ƙira sai inda ya tarar da fili, wato wani ɗan kogo a cikin jijiya, wanda wani bai wuce tulu ba, wani kuma mutum zai iya shiga ya zauna. Mai haƙa ba ya ganin kogon sai ya fasa shi, kuma fasawar ce ke lalata abin da ke ciki. Don haka gwani yana sauraron dutse tun daga nesa. Yana lura da inda jijiya ta fara kumbura, da inda ƙwayoyinta suka fara girma, da inda laka ta fara leƙowa ta tsaga a wurin da bai kamata a ga laka ba. Yana jin amon guduma: dutse cikakke ƙara yake yi mai kaifi, wanda ke da rami a bayansa kuwa amsawa yake yi kamar ganga. In ya ga ɗan ɓalli mai fuska sumul ya biyo ƙasar da ake kwashewa, to magana ta ƙare. Ba sauran nakiya, ba sauran diga. Babbar guduma ma sai a jingine ta.

Daga nan aiki ya koma na yatsu da tsinke da ruwa a buta. Kogon yakan zo cike da laka, kuma lakar nan rahama ce, ita ta rungume ƙwayoyin ta hana su gogar juna. Gwani ba ya gaggawar wanke ta don ya ga abin da ya samu, ko da zuciyarsa na bugawa. Yana zura hannu a hankali kamar ungozoma, ya lalubo waɗanda suka riga suka saki jikin bango, ya fito da su ɗaya-ɗaya da lakarsu, ya naɗe kowanne shi kaɗai a tsumma ko tsohuwar jarida. Ba a haɗa biyu a ƙunshi ɗaya, ba a kuma zuba su a buhu. Hatta ƙananan ɓallin da ya tsinta a ƙasan kogo yana ware su wuri guda, domin watakila a gida a gano daga jikin wace ƙwaya suka fito.

Waɗanda ke manne da bango su ne jarrabawa. Mai haɗama zai sa cizal a gindin babbar ƙwaya ya ɓanɓaro ta, ya fito da abu guntu mai karyayyen gindi. Gwani ya san masu saye sun fi son ƙwaya a zaune kan uwar dutsenta, da 'yan'uwanta kewaye da ita, yadda aka same su. Sai ya ja baya, taƙi ɗaya ko biyu daga inda suke, ya fara sarar tsagi a bangon, yana zagaye su, yana bin raunin da dutsen ke da shi tun asali, yana cusa tsumma a cikin kogon don girgiza kada ta kai gare su. Yana iya kwana biyu a kan faifai ɗaya da bai fi faranti ba, a durƙushe, da tocila a goshi. In lokacin sakinsa ya yi, hannu ɗaya na kan cizal, ɗayan na tallafe da shi daga ƙasa. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Ban taɓa ganin inda maganar ta zauna daram kamar a nan ba.

Wanki ma da nasa ladabi. Ruwan ya zama ba zafi ba sanyi, daidai da jikin dutsen, da ɗan sabulu da buroshi mai laushi. A jiƙa shi kwana da kwanaki, laka ta saki don kanta. Ba a goge shi a bushe da tsumma, domin ƙurar ƙasarmu cike take da garin ƙanƙara, wadda ta fi shi tauri, kowace gogawa dusashe shi take yi. Ba a shanya shi a rana, don wasu launukan kan koɗe. Ruwan batir kuwa, wanda wasu ke ɗauka maganin kowace tsatsa ne, kada ya kusance shi ko da wasa: in ya haɗu da fulorait, musamman da zafi, yana fitar da wata guba mai cin kwalba, mai ratsa fata har ƙashi. Bayan wanki sai rage uwar dutse, a datse abin da ya yi yawa don ya zauna da kyau a kan kanta. Bugu ɗaya da bai dace ba a nan yana iya rushe aikin mako guda, shi ya sa wanda ya iya yakan daɗe yana juya dutsen a hannu kafin ya taɓa shi.

Abu na ƙarshe shi ne mafi sauƙi, kuma shi aka fi sakaci da shi a wajenmu: 'yar takarda. Sunan gari, sunan rami, wata da shekara. Masu tara duwatsu ba a sikeli suke saye ba. Kaifin kusurwa suke dubawa, da sheƙi, da zurfin launi, da yadda ƙwaya ta zauna, da maƙwabtan da ta fito tare da su, sannan su tambayi asalinta. Dutsen da ba a san garinsu ba darajarsa faɗuwa take yi, komai kyansa. Haka nan wanda aka shafa wa mai don a ɓoye tsaga, ko aka liƙa da gam ba a faɗa ba. Gyara ba laifi ba ne a wannan kasuwa, ɓoye shi ne laifi, kuma wanda aka kama sau ɗaya ya rasa masu saye.

Wannan sana'a tana da gidajenta a duniya. A kwarin Weardale da ke arewacin Ingila, masu haƙar dalma na ƙarni na 19 sukan ɗebo kyawawan ƙwayoyin da suka ci karo da su, su ƙawata ƙananan akwatuna da su a gida, akwai wasu a ajiye a gidan tarihi na Killhope. A wannan kwari ne ramin Rogerley yake, wanda a farkon shekarun 1970 aka fara aikinsa don duwatsun ajiya kawai, har da zarto mai haƙoran daimon aka riƙa yanko faifan daga bango. Fulorait ɗinsa kore ne a inuwa, in an fito da shi rana sai ya ɗauki wani shuɗi kamar an kunna fitila a cikinsa. A shekarar 1852 masanin nan George Stokes ya yi bayanin irin wannan haske, kuma daga sunan dutsen ya ciro sunan da masana ke kiran hasken da shi har gobe. Mai son gani da idonsa ya sami irin tocilan da ake duba jabun kuɗi da ita, ya haska a ɗaki mai duhu; da yawa daga cikinsu za su amsa da shuɗi mai ɗaukar ido. A tsaunukan Chamonix na Faransa kuma akwai masu hawa cikin ƙanƙarar sanyi da igiya suna neman kogo. Jacques Balmat, ɗaya daga mutum biyun da suka fara taka ƙololuwar Mont Blanc a 1786, mai farautar irin waɗannan duwatsu ne. Wani fulorait ruwan hoda da aka ciro a can a 2006, hukumar Faransa ta sa shi cikin dukiyar ƙasa, yana gidan adana kayan halitta na Paris. A jihar Illinois ta Amurka an rufe ramin fulorait na ƙarshe a 1995, amma abin da ma'aikata suka tsirar da hannunsu yana nan yana zagaya kasuwa, ciki har da babban baje-kolin Tucson da ake yi duk shekara tun 1955.

Mafi yawan fulorait ɗin duniya dai ba kanta yake zuwa ba. Niƙa shi ake yi. Tun 1530 Georgius Agricola ya rubuta yadda maƙeran Jamus ke zuba shi a tanderu don tama ta narke da sauƙi, kuma har yau masana'antar ƙarfe da ta alminiyam suna shan sa da yawa, daga gare shi ake samo sinadaran iskar firji da na batirin waya. Ƙasar Sin ce kan gaba wajen haƙo shi, Meziko da Mongoliya da Afirka ta Kudu na biye. Wanda ake niƙawa ana cinikinsa da tan. Ƙwaya ɗaya da aka ciro lafiya tana iya fin lodin da aka fasa ta ciki kuɗi.

A nan ne hankalina ke dawowa gida. In ka tashi daga Mafara ka nufi Bakura da Sakkwato, tsohon dutse mai tauri nutsewa yake yi ƙarƙashin yashi da yumɓu, ƙasar fadama da shinkafa. In ka juya wajen Maradun da Maru da Anka, dutsen na waje, fararen jijiyoyin ƙanƙara sun ratsa shi, kuma su ne mutanenmu ke bi suna neman zinariya. Idon da ke bin jijiya muna da shi, da kunnen da ke jin amon guduma. Yaranmu sun yi haƙa a Neja da Filato da Nasarawa har ƙasar Yarbawa. Abin da muka saba da shi dai shi ne fasawa: a farfasa, a kai inji, a niƙe, a wanke, a sa zaiba. Mun kuma ga abin da garin dutse ke iya yi. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega, ƙurar dutse mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400. Dalmar nan dangin tozalin da na fara magana da shi ce, kuma tun daga lokacin ba na jin daɗin ganin an ranbaɗa wa jariri shi.

Ba na cewa duwatsun ajiya za su maye gurbin zinariya, ko su kawo ƙarshen rashin tsaron da ya hana mutanen Maradun sakat a dazukansu. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019, ta ɗage hanin a Disambar 2024, kuma dokar ma'adinai ta 2007 tana nan, ba a haƙa ko fitarwa waje sai da izini. Abin da nake cewa shi ne, mutumin da ke cikin rami ya san cewa ba kowane dutse ne na inji ba. Ƙanƙara mai tsini garai-garai, tozali mai cikakkiyar kusurwa, duk suna da masu nema. Ita kanta zinariyar, in ta fito a fili kamar saiwa ko ganye a jikin farin dutse, masu tarawa kan biya fiye da kuɗin nauyinta. Niƙa irin wannan asara ce da ba a mayarwa.

Kwalejin Abdu Gusau tana Talata Mafara, jami'ar jiha ma tana nan. Ina roƙon su da su kafa kanta ɗaya tak mai gilashi, a jera duwatsun Zamfara a ciki, kowanne da takardar garinsu, a nemo fulorait na Arufu a ajiye kusa da tozali don ɗalibai su ga bambancin tsagarsu, a kuma gayyato dattawan da suka yi rayuwarsu a rami su zo su koyar tun suna da rai. Kai kuma ɗan'uwana mai haƙa, ranar da guduma ta amsa maka kamar ganga, ajiye ta. Sa hannu, bar lakar a jikinsa, naɗe shi shi kaɗai, ka rubuta sunan ƙauyen da ranar da ka same shi.